Inna da Mafakar Kan Tudu

Ranar da aka zo kafa allon, Inna tana bakin garke tana cire wa wata tunkiya ƙaya a ƙafa. Tun daga gangare ta ji motar tana hawowa, ta kuma san ta ɗanta Auta ce, don babu motar da ke tari irin na tsohon mashayin taba in ta kama hawan tudun nan sai tasa. Ba ta tashi ba, ƙayar ta fi gaggawa.

Su uku suka fito suna karkaɗe riguna. Babban ɗanta ne a gaba, wanda tun da aka ɗora shi a kan ƙungiyar taimakon matafiya a can gari kowa ya koma ce masa Shugaba, har matarsa. Sai 'yarta mai aikin asibiti, da ake kira Nas. Auta direba yana baya yana fama da wani shirgegen allo da ya ƙi fitowa daga mota.

"Inna, mun zo miki da albishir," in ji Shugaba.

"Ku fara zuwa min da gaisuwa tukuna."

Suka durƙusa suka gaishe ta, Nas tana tattare bakin zaninta kada ya taɓa kashin tumaki. Sannan Shugaba ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in an miƙa masa lasifika, ko da yake masu sauraronsa a nan tsohuwa ɗaya ce da tumaki.

Gidan shi kaɗai ne a kan tudun, ba maƙwabci sai duwatsu. Kafin a kai gari mafi kusa sai mota ta gaji. A gindin tudun akwai rafi da wata gajeriyar gada, wadda duk damina ruwa ke hayewa ya zauna a kanta kamar an gayyace shi. In haka ta faru sai motoci su tsaya, matafiya su hawo a jiƙe su ƙwanƙwasa ƙofa. Marigayi mijin Inna makiyayin tumaki ne, mutum marar yawan magana, bai taɓa korar kowa ba, ita ma ba ta taɓa cewa tukunya ta yi kaɗan ba. To wannan ne Shugaba ya ce za a yi wa tsari. Gidan zai zama mafakar matafiya, don tunawa da Baba.

"Ke ba abin da zai canja miki," ya ce. "Kina zaune a ɗakinki kin miƙe ƙafa, lada yana shigo miki ta taga."

"Wa zai dafa musu?"

"Za a ɗauko ma'aikata."

"Yaushe?"

"Ana kan magana."

Aka kafa allon a ƙofar gida, Auta ya karanta mata: Mafakar Makiyayi, wanda ya gina da hannunsa, ya buɗe da zuciyarsa. Ta ce ya sake karantawa. Ya sake.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"To ni ina ina lokacin da yake ginin?"

"Allon ne ƙarami," in ji Shugaba.

Ta dubi allon da sai da ƙarti biyu suka yi nishi kafin su ɗaga shi, ta koma kan ƙafar tunkiyarta.

Da aka kawo 'yan ƙungiya su ga wuri, Shugaba ya zagaya da su yana ba da tarihi. Ya dafa katangar dutse, ya ce Baba ya zo tudun nan daga shi sai sandarsa sai tumakinsa, ya yi ta ɗora dutse a kan dutse shi kaɗai har gida ya tashi. Inna tana biye da su da butar shayi. Ita ta san yadda aka yi. Rumfar ciyawa suka fara kafawa, iska ta kwashe ta tun kafin su gama yaba ta. Shi yana fita kiwo, ita tana jido duwatsu daga rafi a ka, da yamma in ya dawo ya jera. Ɗakin 'yan raguna aka fara ginawa, don marigayi ya ce mutum yana iya jure sanyi, ɗan rago ba ya iyawa. Sai ɗakin ajiyar dusa. Sai nasu, mai taga ta gabas, wadda ita ta nace a fasa mata, suka yi kwanaki ba sa ga maciji a kanta. Ɗakin yara ne na ƙarshe.

"Kai ma ka ɗauki dutsen nan," ta ce wa Shugaba tana zuba masa shayi. "Kana cikina lokacin. Ina jin shi ya sa kanka ya yi tauri."

Baƙi suka yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe. Da suka matsa gaba ta ji yana ce musu tsufa ne, tana son raha.

Damina ta faɗi, gada ta nutse, baƙi suka fara hawowa. Da can 'yan tsiraru ne ke zuwa, masu jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofar mutane, suna shigowa suna ba da haƙuri. Yanzu da allo, sai mota guda ta juye mutanenta, kowa ya shigo da gadara kamar gidan kawunsa. An jera gadaje a ɗakin yara, an kawo buhunan shinkafa da barguna. Ma'aikata ne kawai ba su iso ba. Inna ta ce bari ta ɗora tukunya, na yau kawai, tunda ba ta iya haɗiye loma mai yunwa yana kallonta. Washegari ma ta ɗora na yau kawai. Kafin ta ankara ta zama ita ce mai girki, ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai jan ruwa a rijiya, ita ce mai faskare, ita ce mai wankin zannuwan gado, waɗanda ba sa bushewa sai ta yi ta shiga da fita da su tsakanin hadari da hadari. Matafiya suka raɗa mata suna Iya mai abinci. Wani har ya taɓa yi mata faɗa a kan gishiri, ya ce zai kai ƙararta wurin masu gidan.

"Ka kai, ɗana," ta ce. "In ka gan su ka ce ina gaishe su."

Shugaba ya zo wata Asabar da tef ɗin awo a hannu. Ya shiga ɗakinta, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya yi lissafi da leɓe. Mata matafiya suna buƙatar ɗakinsu daban, ya ce, maganar mutunci ce, ita ma mace ce, ta sani. Ta sani ɗin. Ɗakin ajiyar dusa kuwa ai ya fi kusa da kicin.

"An rage miki tafiya ke nan, Inna. Da kin tashi, taku kaɗan kin isa murhu."

"Allah ya yi maka albarka da wannan tunani," ta ce. "Ni da na zaci nesa da murhun za ka kai ni."

Bai ji ba, ko kuwa ya ji ya ba tef ɗinsa hankali. Aka fitar da akwatinta da 'yan komatsanta. Gadon ya ƙi shiga ƙofar ɗakin dusa, don haka aka bar wa baƙi shi, ita aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa. Ɗakin ba taga. Shekara da shekaru hasken safiya ne ke tashinta, yanzu sai tarin baƙi da kiran "Iya, ruwan zafi!"

Tumakin ne suka biyo baya. Wata daga cikin manyan matan ƙungiya ta kwana a gidan don gwaji, ta koma ta ce wuri ya yi kyau, sai dai wari da ƙuda, kuma wata tunkiya marar tarbiyya ta cinye mata gefen mayafi a kan igiya. Auta ya zo da babbar mota ta aro. Inna ta tsaya a bakin garke ta riƙe ƙyauren.

"Auta, waɗannan jikokin tumakin ubanka ne."

"Wallahi Inna ni aiko ni aka yi. Yaya ya ce hutar da ke za a yi. Dubi ƙafarki, ina ke ina bin tumaki?"

"Tumakin nan ba su taɓa ce min miya ta yi gishiri ba."

Ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da lodi. Ta saki ƙyauren. Tana jin kukansu har motar ta sha kwanar gangare, sannan ta koma kicin don ruwan shinkafa ya tafasa. Washegari da sassafe ƙafarta ta kai ta garke da kanta. Ta zare sakata, ta buɗe ƙyaure, ta ja gefe don su wuce. Ta daɗe a tsaye kafin ta tuna. Ta mayar da sakatar a hankali, ta waiga ko wani ya gan ta.

Gwiwarta ta dama ta fara kumbura. Da farko sai da yamma take mata zogi, daga baya ta koma tashi da ita. Nas ta zo da man shafawa da ƙwayoyi, ta danna gwiwar da yatsa, ta gyaɗa kai irin na masu ilimi.

"Inna, irin wannan ciwon zama ne ke ƙara shi. Motsa jiki shi ne maganinsa. Ki gode wa Allah da kike da abin yi. Tsofaffin da ake kawo mana asibiti, zaman banza ne ya lalata su."

"To ke da kike wuni a kan kujera, zo mu raba maganin. Ga guga can."

Nas ta duba agogo, ta ce hanya ba kyau, gara su kama ta da haske.

Rannan Inna ta ajiye wasa, ta ce tana so ta bi su gari ta huta, ko zuwa ƙarshen damina ne. Nan aka ga 'ya'ya masu tausayi. Shugaba ya ce gidansa bene ne, matakala za ta ƙarasa gwiwar, ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Nas ta ce ita kullum tana asibiti, kaɗaici zai kama Inna, nan kuwa ga mutane kamar kasuwa. Auta ya ce shi tsakanin ɗakinsa da motarsa ba a san wanda ya fi wani faɗi ba. Sannan dukansu suka haɗa baki: "Ai ke kika ce ba za ki taɓa barin gidan Baba ba." Ta faɗa ɗin, ba ta musa ba. Sai dai lokacin da ta faɗa tana da ɗaki, da taga, da tumaki.

Sunan mafaka ya yi nisa, masu hannu da shuni suka yi ta aiko da kaya. Buhuna da katifu suka rasa wurin zama, kuma kayan amana ne, ba a barin su a danshi. Inna kuwa ta gida ce. Aka mayar da ita ɗakin 'yan raguna, can baya, mai gajeriyar ƙofa da sai an sunkuya, mai rufin da ke yoyo. "Na ɗan lokaci ne," in ji Shugaba. Ta tara kwanuka a inda ke ɗiga, ta zauna bakin katifa tana shafa gwiwa. A ɗakin nan suka fara samun rufin kirki ita da marigayi, suna da ƙuruciya, ga ɗumin raguna ko'ina, sanyi bai taɓa samun wurin shiga ba. Yanzu ya samu.

"Saura rumfar ciyawa," ta ce wa bango. "In suka ji labarinta ita ma za su kai ni."

A cikin masu yawan bin hanyar akwai wata mai sayar da gwanjo, mace mai jiki da baki, da ke kai kaya ƙauyukan bayan tudu. Ita kaɗai ce in ta gama cin abinci take ɗaukar kwanonta ta biyo Inna kicin. Wata rana ta tarar da ita tana jan tukunya a ƙasa don ba ta iya ɗagawa. Ta karɓe, ta ɗora a murhu, ta riƙe ƙugu.

"Iya, don Allah ba ki da 'ya'ya ne?"

"Ina da su."

"Sun san irin bautar da mutanen nan ke sa ki? Ai da ni ce 'yarki, wallahi sai na ci kwalar wancan mai yawo da tef. Ki ba ni lambarsu in kira su, su zo su ɗauke ki daga hannun marasa imanin nan."

Inna ta tura itace cikin murhu, ta hura wutar da ba ta buƙatar huri.

"Suna da nisa," ta ce. "Kuma ayyuka sun yi musu yawa."

Ba a daɗe ba mai gwanjo tana shanya kayanta a baya ta ji Shugaba ya leƙa kicin ya ce, "Inna, a ƙaro shayi." Ta dubi hancinsa, ta dubi na tsohuwar. Ta buɗe baki ta rufe ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tunda aka haife ta.

Ana cikin haka Inna ta zame a bakin rijiya da bokiti a hannu. Ta daɗe kwance cikin taɓo tana kallon sama, yayyafi na sauka a fuskarta, daga cikin gida tana jin wani yana kiran Iya mai abinci ya ji ko shayi ya yi. Wani direban babbar mota da ya zagayo neman ruwan zuba wa injinsa ne ya ɗaga ta, ya sassaƙa mata sanda, ya ara mata wayarsa ta kira Shugaba.

"Subhanallahi! Sannu, Inna. Amma dai kina iya tsayuwa ko?"

"Da sanda."

"Alhamdu lillahi. Ki daure mana zuwa ranar taro, manyan baƙi za su zo su karrama mafaka. Daga nan komai zai daidaita."

Ta miƙa wa direban wayarsa. Ya tambaye ta me suka ce.

"Sun gode wa Allah," ta ce.

Ranar taro aka kafa rumfuna a gaban gida, aka jera kujeru, aka rataye hoton marigayi da aka gyara har sai da Inna ta ƙura masa ido kafin ta gane shi. Tun da safe ta gama girki, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, mai gwanjo tana ɗora mata tana saukewa. Shugaba ya leƙo cikin sabbin kaya yana ƙamshi.

"Inna, yau kam hutawa za ki yi. Ki shiga ɗaki ki kwanta, kada ki fito. Kin ga ƙasa da santsi, ga sanda, mutane kuma ba su da kirki, sai su yi ta surutu."

Ta shiga ta zauna. Amma lasifika ba ta san gaba da baya ba, duk abin da aka faɗa sai ta kawo mata har kan katifa. Ta ji tarihin gidan, wanda ya ƙara ƙiba, yanzu Baba har namun daji ya kora da hannu ɗaya yana gini da ɗayan. Ta ji babban baƙo, wani dattijo mai sanyin murya, ya tambaya ko matar makiyayin tana raye.

"Tana nan lafiya lau," in ji Shugaba. "Mun hutar da ita gaba ɗaya. Ko tsinke ba ma bari ta ɗaga."

Aka yi tafi. Inna ta dubi tafin hannunta, duk ya tsattsage da sabulu da gatari. Shugaba kuwa da ya ji tafi sai ya ƙara wuta.

"Kuma ina shelantawa a gaban kowa: duk wanda ya shigo ta ƙofar nan, ko wane ne shi, gado mafi kyau nasa ne, da bargo, da ruwan zafi, da abinci. Ba ma tambayarsa daga ina yake, ba ma tambayarsa yaushe zai tafi!"

Inna ta ɗaga kai. Mai gwanjo tana zaune a bakin ƙofa tana cika tana batsewa.

"Me ya ce a ƙarshe?"

Ta maimaita mata, har da kwaikwayon muryar.

"Miƙo min sandata, 'yar nan. Da wancan ƙullin kayan. Ke kuma ki koma cikin mutane ki zauna."

Ta fita ta baya, ta ratsa garken da ba kowa, ta bi gefen katanga ta gangara har bakin hanya, tana tafiya tana hutawa a kan duwatsu. Sannan ta juyo ta hawo ta gaba kamar kowane matafiyi. Hawan da a da take yi da dutse a ka tana waƙa, yau sai da ta ga duhu-duhu a idonta. Zaninta ya yi kaca-kaca da taɓo, yayyafi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta tsaya a ƙofar gida ta yi sallama.

"Matafiya ce," ta ce. "Na gaji. An ce nan ana ba da wurin kwana."

Nas ta rufe baki da hannu. Auta ya sami abin kallo a takalminsa. 'Yan ƙungiya da suka san ta suka shiga duba wayoyinsu. Babban baƙo kuwa fuskarsa ta washe.

"Madalla! Ga baƙuwa Allah ya kawo a kan gaɓa. Shugaba, bari mu gani da idonmu."

Masu ɗaukar hoto suka taso. Daga cikin kujeru mai gwanjo ta ɗaga murya yadda na gangare ma zai ji: "Allah sarki, baiwar Allah! Ku dubi ƙafarta! Ko ina 'ya'yanta suke?"

Shugaba ya sauko daga dandamali. Inna tana kallonsa yana tahowa, kuma maganar gaskiya, duk wahalar zagayen nan da ta sha abu ɗaya take jira, ya ce, jama'a, wannan uwata ce. Da ya faɗa, da ta yi dariya ta ce wasa take yi, ta rufa masa asiri kamar yadda ta saba tun yana fitsarin kwance. Ya iso gabanta, gumi na bin wuyansa. Ya dubi masu hoto, ya dubi zaninta.

"Sannu da zuwa, Iya," ya ce. "Shigo, nan gidanki ne."

Ta ji maganar har cikin ƙashi. Ba ta bari fuskarta ta nuna ba.

"Na gode, ɗan mutanen kirki," ta ce.

Gado mafi kyau yana ɗaki mai taga ta gabas, can ya kai ta yana riƙe da hannunta, jama'a na biye. Ta zauna a kan gadonta, ya yi ɗan kukan nan nasa da ta sani. Nas ta kawo ruwan ɗumi a roba, ta durƙusa tana wanke mata ƙafa ana ɗauka. Da ta ɗage zanin ta ga yadda gwiwar ta zama, sai hannunta ya tsaya.

"Inna," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Ci gaba, 'yar nan, ana ɗaukar ki."

Auta ya kawo abinci. Inna ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai.

"Mai girkin nan ta iya," ta ce. "A riƙa kula da ita."

Babban baƙo ya share hawaye, ya ce bai taɓa ganin karamci irin wannan ba.

Da la'asar baƙi suka watse. Shugaba ya shigo ya turo ƙofa.

"Inna, me na yi miki da za ki nemi tozarta ni a gaban mutane?"

"Ɗazu Iya ka ce."

"Dole ce ta sa! Me kike so in ce musu?"

"Abin da yake."

Ya zauna a bakin gado, ya miƙe, ya leƙa taga kamar akwai amsa a rafi.

"To yanzu dai an gama. Yaushe za ki koma ɗakinki? Gobe in aka yi ruwa mutane za su zo."

"Da kunnena na ji an ce ba a tambaya." Ta ja bargo ta rufe ƙafarta. "In za ka fita ka ce musu baƙuwa tana son shayi."

Ba ta koma ba, ba a kuma iya mayar da ita ba. Hoton tsohuwar matafiya da ma'aikaciyar asibiti tana wanke mata ƙafa ya zagaya wayoyin mutane. Duk mai aiko da taimako sai ya tambayi lafiyarta, wasu ma takanas suke hawowa su gan ta. Nan da nan aka samo mata biyu a kicin, da wani ƙato mai jan ruwa da faskare. Dukansu suna ƙorafin aiki ya fi ƙarfinsu, suna tambayar mai gwanjo mutum nawa ne ke yin sa a da. Ita kuwa bakinta ya dawo, tana ba su amsa har da ƙari.

Gwiwar ba ta warke ba, an makara. Inna ba ta sake taka bakin rijiya ba, rafi ma sai dai ta hango shi. Shugaba ya karɓi lambar yabo. Nas ta koma aiko da magani ta hannun direbobi. Auta yakan zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta murza makullin mota, sannan ya tashi. Duk matafiyin da ya kwana a gidan yakan tafi yana sa wa 'ya'yan makiyayi albarka, kuma ba ƙarya yake yi ba, ya ci ya ƙoshi, ya kwana cikin ɗumi. Ba aikin matafiyi ba ne ya zagaya baya ya duba wa aka matsa don a shimfiɗa masa. Aikin 'yan gida ne, su kuwa sun san hanyar, su suka kai ta. Duk abin da ake yi wa baƙo an yi wa Inna, ba a rage mata komai ba. Har zanin gado ana canja mata a kan kari.

Bayan damina Shugaba ya hawo da wasu sabbin baƙi, masu son ganin tsohuwar cikin hoto. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana magana yana kallon bango.

"Wannan baiwar Allah daga hanya ta shigo mana. Ba ta da kowa. Mu muka riƙe ta."

Wata matashiya a cikinsu ta durƙusa ta kama hannun Inna, idonta ya kawo ruwa.

"Iya, da gaske ba ki haihu ba?"

Inna ta dubi Shugaba, ta ba shi lokaci. Shi kuwa yana ta gyara hannun riga.

"Na haifa," ta ce. "Uku. Mutanen kirki ne ƙwarai, 'yata. Ki ga yadda suke yi wa baƙi."